Yini ɗaya a birnin Shi'an: sojojin yumɓu, ganuwa da kwanon romo

Da sanyin asuba muka fito daga masauki, kowa da dabino cike da aljihu. Dabinon nan tsoro ne ya sa muka ɗauko shi, domin tun daga gida aka yi ta ja mana kunne cewa a ƙasar Sin da wuya Musulmi ya sami abincin da zai ci hankalinsa kwance. Mu huɗu ne, yini ɗaya tal muke da shi a birnin Shi'an, wanda ake rubutawa Xi'an, kuma babu mai jin Sinanci a cikinmu.

Waɗanda suka karanta tarihi a cikinku za su tuna da Hanyar Siliki, wadda fatake suka riƙa bi da raƙuma tsakanin Sin da ƙasashen Farisa da Larabawa. To, daga wannan birni take tasowa, lokacin ana kiransa Chang'an.

Mun fara da shiga mota zuwa gabas da gari, tafiyar kusan awa ɗaya, don ganin sojojin yumɓu. A shekarar 1974 wasu manoma suna haƙa rijiya suka ci karo da gutsattsarin mutum-mutumi. Da masana suka zo suka ci gaba da tono, sai ga runduna guda a ƙarƙashin ƙasa: sojoji da dawakai, duk na yumɓu da aka gasa, tsayinsu kamar na mutum. An kiyasta sojojin sun kai 8,000. An yi su ne don gadin kabarin Qin Shi Huang, sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin wuri guda, wanda ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Mun tsaya a bakin ramin farko mun yi shiru. Ga su nan sahu-sahu, fuskar wannan daban da ta wancan, wani da gashin baki, wani da tukku. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu yana can ƙarshen ramin, inda aka jera waɗanda ba a gama haɗawa ba. Ashe yawancinsu a farfashe aka same su, kuma har yau ma'aikata na zaune suna liƙa su gutsure bayan gutsure, kamar mai haɗa fasasshiyar tukunya.

Da rana muka dawo cikin gari muka hau ganuwa. Tsawonta kusan kilomita 14, tsayinta mita 12, kuma samanta akwai faɗin da motoci biyu za su wuce juna. Mun yi hayar kekuna muka zagaya wani ɓangare. An fara gina ta a 1370, zamanin daular Ming, kuma cikinta ƙasa ce da aka daddaɓe, daga baya aka lulluɓe ta da tubali. Ita ma ta taɓa lalacewa, sai a 1983 hukuma ta tashi gyaranta gadan-gadan. Nan ɗan Kanon cikinmu ya sauka daga keke ya ce, "Ku fa sani ganuwarmu ta girmi wannan, tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta." Gaskiyarsa. Sai dai babu wanda ya ba shi amsa, don duk mun san halin da badala ke ciki.

Kafin mu sauko yunwa ta fara cin mu. Mun wuce gidajen abinci da dama, ƙamshi na dukan hanci, ba mu yarda mun shiga ba. Sai da muka zagaya bayan Hasumiyar Ganga muka faɗa wata unguwa mai cunkoso, maza da fararen huluna, mata da kallabi. Unguwar Musulmi ce, 'yan ƙabilar Hui. A saman shaguna akwai rubutun Sinanci mai harafi biyu, 清真, wanda ake furtawa "cingjen", ma'ana halal. Duk wanda zai je Sin a cikinku ya haddace siffarsa.

Mun yi sallar la'asar a babban masallacin unguwar, wanda tarihin wurin ya ce an kafa shi a shekarar 742. Da a hoto kuka gan shi ba za ku ce masallaci ba ne: babu ƙubba, ginin katako ne da rufi mai lanƙwasa, sai lambuna da ƙofofi ɗauke da rubutun Larabci. Wani tsoho ya yi mana sallama, muka amsa. Wannan ce kaɗai maganar da muka fahimci juna da ita, kuma ta wadatar.

Daga nan sai abinci. Mun fara da tsiren rago da aka barbaɗe da barkono da kayan ƙamshi, muka kora da ruwan rumman. Sannan muka shiga wani shago don cin abin da garin ya yi suna da shi, wato faumo. Aka ajiye wa kowa kwano babu komai sai gurasa mai tauri guda biyu. Muka yi ta jiran miya. Can wata dattijuwa ta nuna mana da hannu cewa mu za mu gutsuttsura gurasar da kanmu. Muka yayyaga ta manya-manya yadda muka saba, muka miƙa. Ta duba, ta girgiza kai, ta dawo mana da kwanukan, ta gutsuro ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake ta ajiye a gabanmu.

Kusan minti 20 muka yi muna wannan aiki, yatsu na ciwo, maƙwabtan teburinmu na dariya. Da kwanukan suka dawo daga madafa, cike da romon rago da nama da siririyar taliya, ga tafarnuwa mai tsami a gefe, sai muka gane hikimar. Ƙananan gutsattsarin sun sha romo har ciki, manyan da muka yi wa ha'inci kuwa suna nan da taurinsu.

Da za mu fita muka tuna da dabinonmu, ko ɗaya ba mu taɓa ba. Muka juye shi a faranti muka miƙa wa dattijuwar. Ta karɓa da hannu biyu, ta kira jikanta ya zo ya ɗanɗana.