Jan Kati da Musafaha

Ranar 2 ga Disamba 2022, a Katar, Vincent Aboubakar ya zura wa Birazil ƙwallo, New Bell ta kaure da sowa. Murna ta sa ya tuɓe riga, alhali yana da katin gargaɗi. Alƙalin wasa ya yi murmushi, ya ba shi hannu, sannan ya ɗaga jan kati.

Mukan tuna wannan a zauren dattawa idan gasar hutu ta ƙare, aka kawo ƙarar samarinmu sun kutsa Marché Central da babura. Mu 'yan tsiraru ne a Douala, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Mukan gaisa da yaro, mu taya shi murnar kofi, sannan ya biya tumatirin da ya tattake. Allah ya shirya mana zuri'a.