Dariyar Aro

A zangonmu na Kumasi mun saba, idan an idar da sallar isha'i, mu taru a zauren Maigida, manya bisa tabarma, yara a bakin ƙofa. Da muka ji labarin wani sabon wasan ban dariya na Hausa a tauraron ɗan'adam, mun yi murna ƙwarai. 'Ya'yanmu suna wuni da Turanci a makaranta, da Tonanci a kasuwa, don haka duk abin da zai zaunar da su su saurari Hausa tsantsa abin so ne a gare mu.

Ba a yi minti biyar da farawa ba muka ga inda aka dosa. Mutum ya yi sallama, sai wasu da ba a gani su kece da dariya. Mace ta ajiye kwano, a sake kecewa. Maigida ya dube mu ya ce, "Malam, su wa ke dariya?" Muka ce, "Ranka ya daɗe, na'ura ce." Ya ce, "To, lalle ta ji abin da mu ba mu ji ba."

Wannan dabara daga Amurka ta fito. A shekarun 1950 wani injiniyan sauti, Charley Douglass, ya ƙera akwati mai ɗauke da dariyar mutane da aka naɗa, yana latsa ta a duk inda masu shiri suka so. Sun lura dariya tana yaɗuwa kamar hamma, suka ɗora sana'a a kan haka.

Abin da ya fi ɓata mana rai ya zo a dare na uku. An kawo wani mai i'ina, duk sa'ad da harshensa ya sarƙe sai na'ura ta fashe da dariya, yaranmu su bi ta. Muka tambayi wata jikarmu abin da aka faɗa, ba ta iya maimaita ko kalma ɗaya ba. Washegari a makarantar allo aka kama yara biyu suna kwaikwayon wani ɗan'uwansu mai irin wannan larura.

Mu ba maƙiya raha ba ne. Mun yi dariyar marigayi Samanja har hawaye, domin Hausarsa ta bariki irin ta tsofaffin sojojin da muka taso muka tarar a zangon nan ce. Wasan Bafulatani da Babarbare, ko na jika da kaka, ba ya bukatar mai tuni, kuma yana da iyakar da kowa ya sani. Yaron da ya gane zolayar kakarsa ya mayar mata da amsa, ya ji Hausa ke nan.

Muna roƙon masu shirya irin waɗannan wasanni su cire dariyar aro, su bar mana tamu. Idan magana ta yi daɗi za mu dara da kanmu, idan kuwa ba ta yi ba, shirunmu zai sanar da su. Allah ya sa mu dace.