Ƙusar da Ke Bayan Maɓalli: Godiya ga Baba Mai Wayarin

Ba zan faɗi sunansa ba, domin na san halinsa. In ya ji an ambace shi a takarda, sai ya yi mako guda yana yi mini ƙorafi. Yaran gareji Oga suke ce masa, mu masu mota kuma Baba mai wayarin. Rumfarsa tana nan cikin Tudun Wadan Zariya, gindin wata darbejiya, da benci ɗaya mai ƙafa uku da rabi, da akwatin ƙarfe cike da fiyus da guntayen wayoyi. Shi nake so in gode wa, shi da wani yaronsa mai siraran yatsu. An ce yaba kyauta tukuici, ni kuwa nawa tukuicin ya makara ƙwarai.

A azumin 2024 abin ya faru, wanda aka ɗauka ranar 11 ga Maris, lokacin da zafin bazara ya sauka a Zariya da dukkan nauyinsa. Motata Corolla ce ƙirar 2005, irin waɗanda muke ce wa kwatano, ta gama yi wa wani Ba'amurke bauta kafin ta iso hannuna. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na yi sallama da esi, kamar yawancin malaman makaranta irina. Sai dai a sauke gilashi, a bar wa Allah sauran. Wata tara ban taɓa maɓallin ba. To amma sai likita ya sa wa Hajiya, mahaifiyata, ranakun zuwa asibitin koyarwa. Da can, asibitin yana nan Tudun Wada, da ƙafa ma ana zuwa. Tun da aka mayar da shi Shika a 2005, sai an ratsa PZ, an sha cunkoson Kwangila, an wuce Samaru. Tsohuwa mai hawan jini, ga azumin da ta rantse ba za ta ajiye ba, ba a sa ta cikin wannan tafiya da gilashi a sauke.

Ranar farko na ɗage gilasai, na kunna esi, na murɗa maɓallin zuwa shuɗi. Abin da ya fito daga ramukan iska ba sanyi ba ne, hucin tanderun gurasa ne. Hajiya ta yi haƙuri har muka haye gadar Kubanni, sannan ta ce, "Kai, wai gasa ni za ka yi kafin likita ya gan ni?"

Wurin da na fara zuwa ba shi da suna a wannan rubutu. Mutumin bai ko sunkuya ba, ya ce gas ya ƙare. Aka zuba gas, na biya. Da iska ta ci gaba da fitowa da zafinta, sai ya ce ai kwamfireso ne ya mutu, sai an aika Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano an sayo ɗan Beljiyam. Kuɗin da ya yanka mini ya kusa cinye albashin wata, ga Salla tana tafe, ga ɗinkin yara. Na ce zan dawo.

A nan ne na yi wautar da ta sa nake jin kunya har yau. Da dare bayan tarawihi na buɗe YouTube, na ga wani Bature yana zare allon maɓallan esi daga dashbod kamar mai zare burodi daga leda. Don tsimin data na riƙa tsallake bidiyon, ina kallon farko da ƙarshe. Washegari da hantsi na ɗauko sukundireba da wuƙar yanka albasa ta maiɗakina, na shiga mota. Na ɓanɓare robar da ta zagaye giya, ta fita lafiya, sai na ji kaina ya yi girma. Na sa wuƙa a gefen allon, na danna. Gefe ɗaya ya ɗago, tsakiya ta ƙi. Na ƙara ƙarfi. Na ji ƙas, na sake jin ƙas. Allon yana lilo ta gefe biyu, tsakiyarsa na nan daram kamar an kafe shi, ga zane biyu da wuƙa ta bari a jikin roba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranar na sa shi a wuyana da hannuna.

Wani maƙwabcina, direban bas ɗin Samaru, shi ya leƙo ya ga halin da nake ciki. Bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Cewa ya yi, "Malam, bar jan nan haka. Tashi mu je wajen Baba."

Mun isa ana shirin azahar, Baba yana zaune yana kankare kan wani batir. Na soma zuba bayani, gas, kwamfireso, Fanteka, bidiyo. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in tayar da motar in kunna esi. Ya ɗaga bonet ya kasa kunne. Da kwamfireso ya kama, aka ji ƙarar nan tak, sai ya gyaɗa kai. Ya kai hannu ya dafa kakkauran bututun almuniyam da ke dawowa daga cikin mota, ya kira ni ya ce in taɓa. Sanyi ƙalau, har yana raɓa.

"Malam, injin sanyinka lafiyarsa lau. Sanyi yana nan, hanya aka tare masa."

Ya zagaya ya zauna a kujerar direba, ya dubi ɓarnar da na yi, ya dube ni, bai ce komai ba. Wannan shirun ma yana cikin abin da nake gode masa. Ya kama maɓallin zafi da sanyi da yatsu biyu ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ya ce in gwada. Yana juyawa sakayau, babu wani nauyi. Ya ce in gwada na ɗaya gefen, mai sauya inda iska ke fita. Wannan da ɗan tauri, kana jin yana jan wani abu a ciki. "Ka ji bambanci? Wancan ba ya jan kowa."

Sai ya yi mini karatun da ban taɓa samu ba a shekarun da na yi ina tuƙi. Ya ce a can cikin dashbod akwai akwati mai ɗaki biyu. Ɗaya na sanyi, inda gas ke bi. Ɗaya kuma ƙaramin lagireto ne da ruwan inji mai zafi ke ratsawa kullum, ko ana so ko ba a so, domin motar an ƙera ta ne don ƙasashen da ƙanƙara ke zuba. Tsakaninsu akwai 'yar ƙofa. A irin wannan mota ba lantarki ke motsa ƙofar ba, kebul ne, kamar na birkin keke: waya a cikin kube. In kuben ya suɓuce daga maƙalinsa, sai ka yi ta murɗa maɓalli ƙofa tana inda take. Tawa ta tsaya ne a ɓangaren zafi. Wato esi yana sanyaya iska, hita tana sake dafa ta, ni kuma ina ƙona fetur a kan duka biyun.

Kafin ya taɓa komai sai da ya sa na kashe mota, yaron ya kwance kan batir na baƙar waya, muka tsaya kamar minti biyu. Na tambayi dalili. Ya ce wayoyin balan-balan ɗin kariya suna bi ta cikin dashbod, kuma suna riƙe wuta na ɗan lokaci ko bayan an cire batir. "Duk soket ɗin da ka gani rawaya, gaishe shi ka wuce." Ni da na shiga da wuƙar kicin, batir a ɗaure, sai na ji gumi na daban ya karyo mini.

Daga nan ya kama maɓallin tsakiya, na fanka, ya ja shi waje a hankali. Ya fita kamar murfin biro. A bayansa, can cikin rami, ga kan wata ƙusa mai giciye tana kallona. Ƙusa ɗaya tak. Ita ce ta riƙe tsakiyar allon, ita na yi ta kokawa da ita duk safiya, ita ce kuma ke cikin daƙiƙun bidiyon da na tsallake. Ya sa sukundireba ya warware ta, ya jefa a murfin gwangwanin madara da yake tara ƙusoshi. Sai ya naɗe bakin wani faffaɗan ƙarfe da tsumma, ya bi gefen allon yana ɗaga maƙalan da suka tsira ɗaya bayan ɗaya, yana sauraron kowanne. Allon ya taho. Bai fizge shi ba, ya tsaya da shi a tafin hannu, don wayoyi da kebul suna riƙe da shi ta baya. Ya danne harshen kowane soket kafin ya zare, yana ce wa yaron, "Soket ake ja, ba waya ba."

Ga kuben nan yana reto, ya fice daga maƙalinsa. Baba ya leƙa sama kaɗan ya ce, "An taɓa sa maka rediyo?" An taɓa, 'yan watanni da suka wuce. Ta nan ake bi a kai ga notocin rediyo, kuma wanda ya yi aikin ya mayar da allo bai duba bayansa ba. Da yake na daina kunna esi, gilashi kuma kullum a sauke, ban taɓa lura ba.

A nan yaron ya shigo. Ba zai wuce shekara sha biyar ba, da safe yana makaranta, da rana gareji. Ya kwanta rigingine a ƙasan mota, kai a ƙarƙashin dashbod, ƙafafu a waje, tocilan a baki, da azumi, cikin wannan rana. Ya tura hannun ƙofar zuwa ƙarshen sanyi ya riƙe. Baba ya kai maɓalli ƙarshen shuɗi, sannan ya danna kuben cikin maƙali. Ya ce in ba a daidaita su biyun a wuri ɗaya ba kafin a maƙale, ƙofa ba za ta rufe ruf ba, kullum zafi zai riƙa sulalowa, mai mota ya yi ta zagin gas. Sau uku yana murɗawa yana tambaya, "Ta kai?" yaron yana amsawa daga ƙasa, "Saura kaɗan, Oga," har aka dace.

Maƙwabcin nawa ya kawo shawarar da kowa ke kawowa, wai a haɗe bututun ruwan hita ta gaban inji a huta gaba ɗaya, ai nan ba Turai ba ce. Haka ake yi wa motoci da yawa a garuruwanmu, kamar yadda ake cire musu abin daidaita zafin inji da zarar sun shigo ƙasa. Baba ya ƙi. Ya ce shi a kan Peugeot 504 ya koyi aiki, zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, yake cika titunan Arewa da su, kuma tun lokacin maigidansa ya hana shi yanke abin da zai gyaru. "Bari Disamba ta zo, ka fito da asuba a Samaru, ka ce mini nan ba Turai ba ce. Da damina kuma in gilashi ya yi hazo, da me Malam zai share?" Ina ganin gaskiyarsa. Yawancin abin da muke kira gyara a gefen titi datsewa ne, a cire abin da ya dame mu yau, a bar gobe ta ji da kanta.

Maƙalai biyun da na karya ba su gyaruwa. Ya tona akwatinsa ya samo guda ɗaya na wata matacciyar mota, ya ɗan fere shi da reza har ya shiga. Ɗayan kuwa ya ce in haƙura, ƙusar da sauran maƙalan za su riƙe. Ya mayar da soket, ya zaunar da allo, ya ɗaure ƙusar, ya tura maɓalli. Aka ɗaura batir. Da na tayar da mota, iskar da ta bugi fuskata ta sa na yi hamdala da ƙarfi har masu faci na gefe suka waiwayo.

Duka aikin bai kai awa ɗaya ba. Na zaro kuɗi ina lissafin ko rabin na kwamfireso ya ce zan bayar da farin ciki. Da ya so, ai ya ga irin tsoron da na zo da shi. Yana iya ajiye motar kwana biyu, ya wanke kwamfiresona da fetur ya ce sabo ne, ya mayar da kebul a ɓoye, in tafi ina sa masa albarka. Ba ni da hanyar ganewa. Sai ya ture hannuna ya ce, "Me na saya? Me na sa? Ba yaron na buɗa-baki, shi ya sha ƙura." Na matsa, ya ɗaure fuska. Da na ambaci Hajiya da Shika, cewa ya yi in gaishe ta, in ce ta sa shi a addu'a.

Baba, na isar da saƙon. Ta yi maka addu'a a ranar, a daidai Kwangila, muna tsaye cikin cunkoso gilasai a rufe, ta haɗa da iyayenka da zuriyarka. Ni ma ga tawa: Allah ya tsare maka idanunka da hannuwanka, ya sa albarka a rumfar nan, ya ba ka masu jin ƙanka ranar da ƙarfi ya ƙare. Kai kuma ɗan samari, na ga bayan rigarka da ka fito daga ƙarƙashin dashbod, sharkaf da gumi, ka karɓi abin da na ba ka da hannu biyu kana duban Oga ko ya yarda. Allah ya yaye ka lafiya, ya ba ka rumfar kanka. Maƙwabcina direba, kai ma na gode, ko da yake shawararka ta biyu ba ta karɓu ba.

Mun yi zuwa Shika sau huɗu kafin Salla, wadda aka yi ranar 10 ga Afrilu, ɗinkin yara kuma bai salwanta ba. Da hunturu ya shigo, wata asuba na ɗauki Hajiya za mu Kaduna, tana ƙudundune cikin mayafi biyu. Na murɗa maɓallin zuwa ja, na ji nauyin ƙofar a yatsuna tana juyawa. Ɗumi ya taso ta ƙafafu. Ta saki mayafi ɗaya ta ce, "Ashe tanderun naka yana da rana." Gefen allon da babu maƙali yana ɗan kaɗawa in na faɗa rami, ƙas-ƙas, sai in kai yatsa in danne shi.