Ƙishirwar Ƙaramin Inji

Daga cikin abubuwan da ke hana masu ƙera ƙananan jiragen sama na wasa barci, babu kamar inji ya ɗauke alhali jirgi yana sama. Mu da muka shafe shekaru muna raba lokacinmu tsakanin koyar da adabi da wannan sha'awa, mun ga yadda aikin wata uku kan zama tarkace cikin ƙiftawar ido. Mun taɓa tsayawa a filin wasa tare da wani ɗalibi da ya tara kuɗin abincinsa ya sayi inji, jirginsa ya tashi lafiya, ya yi zagaye biyu, sai ƙara ta yanke, ya faɗo kan dutse. Da aka buɗe shi, tanki yana da sauran mai fiye da rabi. Wato injin ya mutu da ƙishirwa alhali rijiya tana bayansa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, don haka muka ga ya dace mu bi sawun man nan tun daga tanki har cikin silinda, ko mai karatu zai amfana.

Da farko ya kamata a san girman abin da ake magana a kansa. Injin Babe Bee da kamfanin Cox na Amurka ya fitar a 1956, wanda yara da yawa a duniya suka fara koyo da shi, cikin silindarsa bai wuce cc 0.8 ba, wato bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi ba. Irin waɗannan injuna ba fetur suke sha ba. Mansu gauraye ne na metanol da ɗan naitrometen da kuma man shafawa kimanin kashi 20 cikin ɗari, wanda tun asali man zurma ne, zurmar nan da ke tsirowa a bayan gidajenmu a ƙasar Hausa, wadda wasu ke kira cika-gida. Filoginsu kuwa, wanda Ray Arden ya fito da shi kasuwa a ƙarshen shekarun 1940, siririyar waya ce mai haɗin filatinam da ake zafafawa da batir lokacin tayarwa. Daga nan sai ta ci gaba da yin ja da kanta saboda haɗuwarta da tururin metanol.

Babbar matsalar ita ce yawancin injunan nan ba su da famfon mai. Abin da ke janyo mai shi ne iskar da ke kutsawa ta ƙunƙuntar maƙogwaron kafireta. Idan iska ta matse ta ƙara gudu, matsinta yakan ragu, kamar yadda Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738, Giovanni Venturi kuma ya gwada a cikin bututu a 1797. Wannan ɗan raguwar matsi shi kaɗai ne ke zuƙo mai, kuma ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai. Ga shi kuma metanol yana buƙatar a zuba shi da yawa: nauyi ɗaya nasa na ƙonewa da iska nauyi shida da ɗoriya, alhali fetur na ƙonewa da kusan nauyi 15. Ke nan inji mai raunin zuƙa ne aka ɗora wa shan mai da yawa, saboda haka duk abin da ya ɗan tare hanya sai ya bayyana.

Abu na farko da muke dubawa shi ne mazaunin tanki. Tsakiyar tanki ya kamata ta yi daidai da allurar kafireta, ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan, kuma tankin ya kusanci inji gwargwadon hali. In ya yi sama da yawa, mai zai riƙa gangarowa da kansa ya shaƙe inji. In ya yi ƙasa da yawa, inji zai tashi lafiya da cikakken tanki, amma da mai ya ja baya sai zuƙa ta gaza. Haka nan idan jirgi ya ɗaga hanci yana hawa, tankin da ke bayan inji yakan koma ƙarƙashinsa, a daidai lokacin da aka fi buƙatar ƙarfi. Maganin da masu wannan fanni suka daɗe da samu shi ne jawo siririn tiyo daga salansa zuwa tanki, domin hayaƙi ya riƙa turo mai daga baya.

Na biyu shi ne iskar da ke satar hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ido ba ya gani a jikin tiyo ta isa. Mafi yawa takan faru a inda tiyon silikon ya hau bakin bututun tagulla. A cikin tanki ma akwai wani tiyo mai laushi da ɗan ƙarfe a bakinsa, wanda nauyinsa ke sa ya bi mai duk inda jirgi ya karkata; bayan sauka mai tsanani yakan naɗe ya maƙale a gaba, ya riƙa shaƙar iska. Daɗin daɗawa, girgizar inji takan sa mai ya yi kumfa, shi ya sa muke naɗe tanki da soson katifa. Alamar duk waɗannan ɗaya ce: ƙananan kumfa suna tafiya a jere cikin tiyo.

Na uku shi ne man kansa, kuma a nan Kudu muka fi ganin wannan. Metanol yana zuƙar laimar iska, don haka galan da aka bari a buɗe a damina yakan lalace, inji ya riƙa tari yana mutuwa da zarar an cire batir. Man zurma kuwa, duk da kyan kariyarsa a lokacin zafi, in ya kwana watanni a cikin inji yakan daskare kamar ƙaro ya toshe ramin allura. Ƙurar hunturu ma tana yin nata. Muna tace mai kafin zubawa, muna kwashe saura bayan tashi, muna wanke kafireta da metanol mai tsabta.

Bayan duk wannan sai batun murɗa allura, inda kunne ya fi ido aiki. In mai ya yi yawa, inji yakan yi gurnani yana fesar hayaƙi. In an ɗaure allura sannu a hankali, muryarsa takan tashi ta zama siririya mai kaifi, kuma a nan ne sabon shiga ke ruɗuwa, domin ƙarar tana da daɗin ji. Amma tun da man shafawa a cikin man sha yake, inji mai ƙarancin mai inji ne mai ƙarancin shafawa. Zai yi zafi, ya ci jikinsa, ya tsaya. Don haka idan muka kai ƙololuwar ƙara sai mu sake kwance allurar kaɗan. Daga nan mu matse tiyo da yatsu na ɗan lokaci: in ƙara ta ɗan ƙaru kafin ta faɗi, an dace, in ta faɗi nan take, mai ya yi kaɗan. A ƙarshe mu ɗaga hancin jirgi sama na 'yan daƙiƙoƙi mu saurara. Kunnen da ya saba rarrabe karin waƙa ba ya shan wahala a nan.

A yau injunan lantarki masu batirin litiyam sun karɓe mafi yawan filin, ba su da tiyo balle allura. Duk da haka muna ƙarfafa wa ɗalibanmu gwiwa, musamman na sashen injiniya da ke karanta wannan mujalla, da su nemi tsohon inji su zauna da shi. Wanda ya koyi bin matsala daga tanki zuwa tiyo, daga tiyo zuwa allura, yana canza abu ɗaya kawai kafin ya sake gwadawa, ba zai rasa abin yi ba ranar da janareto ko injin ban-ruwa ya ƙi tashi a ƙauyensu. Muna kuma fatan su rubuto mana sunayen da suka ga sun fi dacewa da sassan nan a Hausa, domin mu tattauna su a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.