Tsohuwar Marsandin Kakana

Duk wanda ya baro Kano ya ɗauki hanyar Katsina, ba zai daɗe yana tafiya ba zai iso garinmu Dawanau, a ƙasar Dawakin Tofa. Yawancin mutane kasuwar hatsi kaɗai suka sani a nan, wadda aka kafa a 1985, inda manyan motoci ke lodin gero da dawa da wake da riɗi zuwa Nijar da Chadi da kudancin ƙasar nan. Amma in ka bar bakin titi ka shiga ciki, sai ka tarar da gidaje da gonaki sun cuɗanya, har ma karan dawa kan taɓa katangar gida. A ɗaya daga cikin waɗannan gidaje aka haife ni, kuma a ƙofarsa, ƙarƙashin wata darbejiya, wata tsohuwar mota ta shekara 8 a tsaye ba ta motsa ba. Labarinta nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Motar ta kakana ce, wanda kowa ke kira Alhaji. Mercedes-Benz 200 ce, wato Marsandi, fara, ƙirar 1982. Irinta aka riƙa ƙerawa a Jamus daga 1976 zuwa 1986, aka yi sama da miliyan biyu da rabi, kuma har yau ana labarin ƙwarinta. Alhaji ya saye ta ta hannu a 1987, bayan da Allah ya buɗa masa a fataucin hatsi. A lokacin Peugeot 504 ce motar da ta cika gari, domin tun 1975 ake harhaɗa ta a Kaduna. Saboda haka wanda ya shigo ƙauye da Marsandi, yara har bin sa suke yi da gudu don su taɓa tauraron nan mai tsinke uku da ke goshinta.

Alhaji ya rasu a 2016, Allah ya jiƙansa. Aka raba gonaki da shanu, amma aka bar motar, kowa yana cewa sai an zauna. Ba a zauna ba. Tayoyinta suka sace, rana ta cinye fentin, awaki suka mai da saman ta wurin hutu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, ɓeraye kuma suka yi gida a cikin kujeru. Ni kaina na yi wasan direba a cikinta ba adadi.

Ran nan, cikin bazarar 2024, sai ga 'yan gwangwan da kurarsu. Suka zagaya motar, suka ƙwanƙwasa nan, suka ƙwanƙwasa can, suka yi mata kuɗi a kan nauyin ƙarfenta, kamar ana cinikin tsohuwar tukunya. Babana ya ce su dawo jibi. Da Baffana, ƙanen Baba, ya ji labari, ko tuwon dare bai ci ba.

Shi Baffa tun yana yaro Allah ya ɗora masa son mota. Yana da abokai uku masu irin wannan ciwo. Ɗaya yana da 504 da ya gada, ɗaya yana da Marsandin nan da ake kira V-boot, na ukun kuwa ba shi da ko keke, amma in mota ta wuce a titi, da jin kukanta zai gaya maka abin da ke damun ta. Kowace Juma'a bayan la'asar sukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar nan, ba su da hira sai ta inji da giya, da yadda wata rana za su gina gareji a gida su huta da yawon kai mota gari.

Washegari aka taru a zaure, ni kuwa ina raɓe a bakin ƙofa da butar shayi. Baba ya fara magana. Ya ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, masu ƙananan motoci ma ajiyewa suke yi, balle Marsandi mai shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya. Ya ce ga kuɗin makarantar yara, ga taki, ga damina ta ƙarato. Gaskiya kuwa duk abin da ya faɗa babu ƙarya a ciki, kuma kuɗin makarantar da yake magana har da nawa.

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ban musa maka ba. Amma motar da Alhaji ya yi kusan shekara 30 yana lallaɓawa, a ce guduma za ta farfasa ta a ƙofar gidansa muna kallo? A yi mata kuɗi, ni zan biya kowa rabonsa da hatsi in kaka ta yi."

Baba ya ce, "To, in ka gyara ta, ina za ka ajiye ta? Ka mai da ita gindin bishiya awaki su ci gaba daga inda suka tsaya?"

Baffa ya ce ai ɗaki zai gina mata a kangon tsohon turken jakin Alhaji, sai dai wurin bai isa ba, sai an ƙara da kunya uku daga gonar Baba ta bayan gida. Nan fa Baba ya miƙe tsaye. Wanda bai san Dawanau ba zai ce kunya uku wace tsiya ce. Amma a nan gonaki sun sha rabon gado har sun zama ƙanana, ga masu gina sito suna saye daga bakin titi suna matsowa. Baba ya ce shi dai bai taɓa jin inda aka hana dawa wuri don a gina wa ƙarfe ɗaki ba.

Gwaggo ce babbarsu, ita ta raba gardamar. Ta ce, "Ku saurara. Ni a cikin motar nan aka kai ni ɗakin miji. Kuma a unguwar nan, mace nawa Alhaji ya ɗauka da tsakar dare ya kai asibiti a Kano, bai karɓi ko sisi ba?" Sai ta nuna ni da baki ta ce, "Har wancan mai butar shayi, ba don ita ba, Allah kaɗai ya san yadda daren zuwansa duniya zai ƙare." Ta yanke cewa a ba Baffa wata uku. In motar ta tashi, a sake maganar fili. In ba ta tashi ba, a kira 'yan gwangwan. Baba ya yi shiru, aka shafa fatiha.

A nan ya kamata in faɗi laifina. Da aka yi hutu Baffa ya ce in zo in riƙa miƙa sifana, sai na ji abin ya yi mini nauyi. Ina ɗan sakandare, mai farar riga da biro a aljihu, abokaina su gan ni dumu-dumu da baƙin mai? Don kunyar Baffa kawai na je.

Sun ɗauko wani tsohon bakanike daga cikin birni, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan irin waɗannan motoci. Muna kiran sa Maigida. Da ya buɗe gaban motar, na zaci batir zai sa a murza makulli. Sai ya ce wanda ya yi shekara 8 yana barci ba a tashin sa da duka. Ya kwance fulogi huɗun, ya ɗiga mai a kowane rami, ya ce a bar shi kwana bakwai ya jiƙa. Ranar da ya dawo ya sa babbar sifana a gaban injin, ya riƙa lallashin sa a hankali, har muka ji ya juya. Ya yi murmushi ya ce, "Da sauran ranta."

Daga nan aiki ya kankama. Aka sauke tankin mai aka wanke tsatsa da tsohon fetur da ya zama kamar ƙaro. Aka juye baƙin mai aka zuba sabo. Aka wanke lagireto, aka sake fambel, aka duba birki ƙafa huɗu. Mai gyaran waya ya kwana uku yana bin ɓarnar ɓeraye. Sau biyu ina raka Baffa kasuwar Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, muna bi rumfa rumfa da tsohon ƙarfen a hannu don a gwada da irinsa.

Ranar da Maigida ya wargaza kafireta a kan faranti, ya tambaye ni abin da inji yake ci. Na ce fetur. Ya ce saura biyu, iska da wuta. Ya nuna mini yadda fistin ke sauka ya shaƙi mai da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Sai na tuna malaminmu na kimiyya ya zana mana wannan a allo, na haddace na ci jarrabawa, amma ban gane ba sai a ranar. Ashe gani ya kori ji. Mutumin da nake ƙyamar rigarsa bai yi aji ɗaya a boko ba, ga shi yana koya mini darasin da ke cikin littafina.

Damina kuma ta nuna mana gaskiyar maganar Baba ta wurin ajiya. Sau da yawa muna tsakiyar aiki hadari zai taso daga gabas, mu kwashi kaya a guje. Wata rana iska ta yaye tamfol, ruwa da ƙasa suka shiga kafiretar da aka wuni ana wankewa, sai da aka sake sabon aiki.

Saura kwana shida wa'adin Gwaggo ya cika aka ce yau za a tayar. Unguwa ta taru. Maigida ya ce in mayar da wayoyin fulogi, ni kuwa don rawar kai ban tambaya ba, na jera su yadda na ga dama. Baffa ya murza makulli. Motar ta yi tari, ta yi wata ƙara kamar bindiga, kaji suka watse, yara suka fashe da dariya. Na ga fuskar Baffa ta canza, Baba kuwa yana tsaye daga nesa ya harɗe hannu. Maigida ya leƙa, ya dube ni, bai zage ni ba. Ya ce, "Ɗana, wutar injin nan bi da bi take zuwa: 1, 3, 4, 2. Ko a gida, in ƙane ya riga wa magana, rigima ake yi. Gyara da hannunka." Na gyara hannuna na rawa.

Baffa ya sake murzawa. Ta yi tari sau biyu, ta tashi. Hayaƙi ya turnuƙe, sannan ya washe, injin ya daidaita yana wani gurnani a hankali. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Sai muka ga Baba ya tako, ya buɗe ƙofar gaba, ya zauna a inda yakan zauna yana saurayi in zai raka Alhaji kasuwa. Ya daɗe a ciki, ya dafa gaban motar, bai ce wa kowa komai ba. Da ya fito sai ya wuce bayan gida, muka bi shi. Ya tsuguna ya tumɓuke turkun da Baffa ya kafa a iyakar kango, ya ƙirga kunya ɗaya, biyu, uku, ya kafa shi a can. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sai an yanke dawa. Kuma ɗakin nan ba na mota kaɗai ba ne, yaran unguwa za su koyi aiki a ciki."

Tun daga ranar hirar Juma'a ta koma ta gini, ni ne kuma mai riƙe takarda. Motar ta ɗan haura ƙafa 15 a tsawo, faɗinta kusan ƙafa 6, don haka aka tsayar da ɗaki mai ƙafa 20 da ƙafa 12, yadda mutum zai zagaya ta da kayan aiki. Ni na yi lissafin bulo, na sami kusan 500, birkila ya duba ya ce haka ne. Ƙofa za ta dubi yamma, domin ruwa da iskar damina daga gabas suke bugowa. Za a ɗaga daɓe ya fi ƙasar waje tudu. A tsakiya za a haƙa rami na shiga ƙarƙashin mota, a ɗaure shi da bulo, a riƙa rufe shi da katako saboda yara da awaki. Maigida ya dage a bar tagogi biyu a sama, ya ce hayaƙin mota a rufaffen ɗaki kisa yake yi ba sallama. Ya ce kuma kada a raba ɗakin da bokitin yashi saboda gobara. Mai 504 ya ɗauki nauyin yashi, mai V-boot ya yi alkawarin ƙyaure, wanda ba shi da ko keke ya ce shi ƙarfinsa zai bayar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da kaka ta yi Baffa ya auna wa kowane magaji rabonsa, Baba ya biya kuɗin makarantarmu daga nasa. A lokacin da nake wannan rubutu gini ya kai lintal, saura kwano. Motar ma da sauranta, ba a yi fenti ba, kujeru na jiran mai ɗinki, kuma saboda tsadar mai ba ta fita sai ran Juma'a, ko in an buga ƙofa da dare ana neman a kai wani asibiti. An riga an buga sau biyu.

'Yan'uwana ɗalibai, na shiga aikin nan ina jin kunyar baƙin mai, yanzu kuwa abin da nake jin kunya shi ne shekarun da na yi ina tsalle a kan motar ban taɓa tambayar yadda take aiki ba. Kada farar riga ta hana mu tsugunawa gaban masu sana'a. Iyayenmu kuma ina roƙon su, kafin a kira 'yan gwangwan, a duba abin da magabata suka bari, ko keken ɗinki ne, ko injin ban ruwa, domin da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya jiƙan Alhaji, ya ba mu ikon rufa ɗakin nan kafin ruwan farko, amin.