Ciwon Da Ba Ya Fid Da Jini

Idan lebura ya karye a wurin aiki, kowa ya ga rauninsa, a ɗauke shi a kai asibiti, a biya shi diyya. Amma akwai wani ciwo da aiki kan sa wa mutum wanda ba ya fid da jini. Mai shi ya kan zo ofis da riga wankakkiya, ya gai da kowa, ya zauna a teburinsa, alhali kuwa ya yi wata uku bai sami barcin kirki ba. Abinci ya fita ransa, in ya koma gida ya yi ta faɗa da iyali ba gaira ba dalili. Waɗansu su ce ragwanci ne, waɗansu su ce sammu aka yi masa. Abin da ya auku a ƙasar Faransa ya nuna wata kafa da ciwon nan kan shigo ta cikinta.

Akwai wani babban kamfanin wayar tarho a can, sunansa France Télécom, wanda tun 2013 a ke kira Orange. Da na Gwamnati ne, amma a 2004 mafi yawan jarinsa ya koma hannun 'yan kasuwa. A 2006 shugabanninsa suka ƙudura rage ma'aikata 22,000 cikin shekara 3. Ga shi kuwa yawancin mutanen nan ma'aikatan Gwamnati ne tun asali, doka ba ta yarda a sallame su haka kawai ba. Sai shugaban kamfanin, Didier Lombard, ya gaya wa manyan ma'aikatansa, ko ta ƙofa ko ta taga, sai mutanen sun fita.

To, ta yaya a kan fid da wanda ba shi koruwa? Sai a sa zaman ya gagare shi. Mutumin da ya tsufa yana gyaran waya, ya gwanance, a wayi gari a ce ya koma ɗakin amsa kiran masu ciniki, yana tallan abin da bai sani ba. Wani a yi masa canji zuwa gari mai nisa, ya bar mata da 'ya'ya, kafin ya zauna daidai a sake ɗaga shi. Wani kuwa a bar shi da tebur ba aiki, ana ta aiko masa da labarin gurabun aiki a waɗansu wurare.

Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami a ofis ya san na ƙarshen nan ya fi zafi. Yawan aiki gajiya ya ke kawowa, gajiya kuwa hutu ne maganinta. Amma a ce mutum ya zauna tun safe har a tashi, masinja ya wuce shi da fayil ya kai wa yaron da shi ya koya wa aiki, wannan ya kan ci zuciya kamar yadda gara ke cin azara, daga waje sai ka ce lafiya lau. Ba shi da abin da zai kai ƙara a kai, gama albashinsa na zuwa, ba wanda ya zage shi.

Cikin 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu, Allah ya kiyaye. Waɗansunsu sun bar wasiƙa suna cewa aikin ne dalili. Lombard ya kira abin yayi, watau wani na kwaikwayon wani, sa'an nan ya nemi gafara da ya ga mutane sun harzuƙa. A 2010 ya sauka daga gudanar da kamfanin.

Sai a 2019 aka zauna shari'a a birnin Faris, aka bi labarin mutum 39 ɗaya bayan ɗaya, 19 daga cikinsu sun riga sun hallaka kansu. Shugabannin suka ce bashi ya yi wa kamfanin katutu, abokan gasa kuma sun taso, dole a rage mutane. Akwai gaskiya a maganarsu. Amma alƙalai suka ce ba niyyar rage ma'aikata su ke tuhuma ba, hanyar da aka bi ita ce laifi. Abin lura a nan, Lombard bai san yawancin mutanen ba ko a fuska, duk da haka aka kama shi, don shi ya shimfiɗa tsarin da na ƙasa da shi suka bi.

Ran 20 ga Disamba aka yanke masa ɗaurin shekara 1, aka jingine wata 8, da tarar Yuro 15,000. Kamfanin aka ci shi tarar Yuro 75,000, iyakar abin da doka ta yarda ke nan, ko da ya ke a wurinsa bai kai kuɗin goro ba. Kamfanin bai ɗaukaka ƙara ba, ya kafa kwamitin biyan diyya. Lombard ya ɗaukaka, a 2022 aka jingine ɗaurin duka amma laifin bai goge ba, a Janairu 2025 kuma babbar kotun ƙasar ta tabbatar da shi.