Zane Bai San Lamba Ba

Jama'a, masu iya magana sun ce yatsun hannu ma ba ɗaya su ke ba. Kowa ya yarda da wannan a baki, amma in an zo kan jikin 'ya'yanmu mata sai mu so a ce duk awo ɗaya aka yi musu. Ni malamar makaranta ce a ƙasar Kauru, uwa ce kuma. Na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili don in yi magana da ku da ke shirin riƙe alli, domin ba aji ɗaya da za ku shiga ku rasa yarinya irin wadda zan ba ku labarinta.

Ku fara duba tufafin da muka gada. Turmin atamfa yadi 6 ne, a fitar da riga da zane da ɗankwali. Zane kuwa ba ya tambayar kowa lambarta. Siririya ta ɗaura ya zauna, mai jiki ta ɗaura ya zauna, mai ciki ma ta sassauta ɗauri ta ci gaba da harkarta. Haka babbar rigar maza. Watau a wurin kakanninmu tufa ce ke bin jiki. Amma yanzu ku je kasuwar Saminaka, ko ta Kafanchan, ko Sabon Garin Zariya, ku ga ɗinkakkun kaya da gwanjo jibge, kowace riga da lambarta a wuya, an yanka ta a wata ƙasa bisa awon mutanen da ba su taɓa ganin 'ya'yanmu ba. In riga ta ƙi shiga, yarinya ba ta cewa riga ce ta gaza, sai ta ce ita ce ta yi yawa.

Ita kanta maganar kyau yayi ce, tana juyawa. A da, in aka ce amarya ta yi ɓul-ɓul, yabo ne. Mutanen Efik na Kalaba har ɗaki su kan keɓe wa budurwa, a yi ta ciyar da ita kafin biki. A Ingila, a 1966, aka fito da wata yarinya siririya ƙwarai da a ke kira Twiggy, masu tallar tufafi suka mai da ita abin koyi. A 2001 Agbani Darego, doguwa siririya daga Jihar Ribas, ta ci gasar kyau ta duniya, 'yan matan birane da yawa suka shiga sha'awar irin jikinta. Yau kuma hotunan cikin waya sun zo da nasu awon. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook ta fito da takardun kamfanin, aka ga su da kansu sun gano cewa Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. To, yarinya mai shekara 14 wanne za ta bi? A kasuwa guda za a sayar mata da sha-ka-fashe, a sayar mata da shayin rage ƙiba. Na farkon sau da yawa akwai deksametason a ciki, wanda in an daɗe ana sha ya kan kumbura fuska, ya kawo hawan jini da ciwon sukari. Na biyun kuwa sau da yawa maganin sa gudawa ne aka sa wa kwali mai kyau.

'Yata ta fari ta ɗauko jikin dangin ubanta, masu ƙiba da cikar ƙira. Tana aji 2 na ƙaramar sakandare jikinta ya buɗe cikin 'yan watanni, ta wuce tsararrakinta. Wannan ba ciwo ba ne. Yawancin 'yan mata su kan fara balaga tsakanin shekara 8 da 13, ƙugu ya buɗe, ƙirji ya fito, jiki ya ƙara kitse, domin haka halittar mace ta ke. Sai dai wata ta riga wata, wata kuma ta fi wata.

Labarin zuciya, a tambayi fuska. Na lura tana sa rigar sanyi a kan kayan makaranta cikin zafin watan Maris. Ta koma tafiya a ranƙwafe, littattafai rungume a ƙirji. Tuwon dare sai ta taɓa loma biyu ta ture. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da malaminsu na lissafi ya gaya mini ta daina ɗaga hannu, alhali da ita ce ke rige-rigen zuwa allo. Ruwa ba ya tsami banza.

Kun san al'adarmu game da 'yar fari, ko sunanta ba na kama wa, balle mu zauna hira a kan ƙirji da ƙugu. Amma al'adar da ta sa kunya ita ce kuma ta ajiye ƙofa, watau gwaggo. Na aika wa ƙanwar Malam, ta zo ta kwana biyu, suka kwana ɗaki ɗaya. A nan magana ta fito. Kayan makarantar ɗinki uku ne kawai, ƙarami da matsakaici da babba, babban ma ya matse ta, maɓalli na buɗewa in ta ɗaga hannu. Yaran aji sun laƙa mata "buhun masara", wata malama kuma ta ce da ita a gaban aji ta rage ci. Ga samari a hanya suna yi mata maganar da ta fi ƙarfin shekarunta. Da gwaggo ta share hanya sai yarinya ta zo da kanta, kanta a sunkuye, ta ce, "Mama, ni kaɗai ce haka a ajinmu. Ko in bar zuwa?"

Na ce, "Ke, ɗago kanki. Riga ce ta yi kaɗan, ke ba ki yi yawa ba. Riga kuwa almakashi da zare ne maganinta."

Na nemi izinin shugabar makaranta, na sayi yadin kayan makaranta, muka tafi wurin wata tela mace, dattijuwa. Allah ya saka wa matar nan. Ta saki labule, ta auna kafaɗa da ƙirji da ƙugu da tsawo, ta rubuta a littafinta, ba ta faɗi lamba ko ɗaya da ƙarfi ba. Ta ce, "'Yata, irin jikinki ɗinki ya ke so, ya fi zama a kansa." Ta bar rarar yadi cikin kowane ɗinki don a buɗa in an ƙara girma, ta ƙara maɓalli a tsakanin na ƙirji, ta sauko da siket ƙasa da gwiwa sosai. Ita ce ta ba mu shawara mu guji yadin roba, mu riƙe na auduga, saboda zufa da gogar cinya. Gwaggo kuma ta kai ta aka zaɓo rigar mama daidai ita, da shimi, da gajeren wando na ciki. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke sa yarinya ta miƙe tsaye.

Da lokacin ɗinkin salla ya zo na bar mata zaɓi. Wata maƙwabciya ta ce mai jiki sai baƙin yadi, wai ya fi rage ta a ido. Yarinya ta ɗauki atamfa ruwan ɗorawa mai manyan furanni, na biya ban ce uffan ba. Akwai bambanci tsakanin sutura da ɓuya. Sutura mutunci ce, da mai hijabi da mai ɗankwalin zuwa coci duk sun san ta a ƙasar nan tamu. Ɓuya kuwa tsoro ne. Mai sutura ta kan shiga taro ta yi magana, mai ɓuya bayan ƙofa ta ke nema.

Ban ƙyale maganar lafiya ba. Mun je asibiti aka auna tsawonta da nauyinta da jininta, ma'aikaciyar jinya ta ce lafiyarta lau, ta dai ci abinci sau uku, ta riƙa motsa jiki. Abin da muka sake a gida, kamar rage lemon kwalba da ƙara ganye a miya, kowa da kowa ya shafa har Malam, ba a ware mata kwano dabam ba. Kakarta, mai kiranta "kishiya", na roƙe ta ta yi ta tsokanarta a kan miji da girki yadda ta ga dama, amma ta bar jikinta. Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Ai jikina ne ta sace, ina zan zage shi?"

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Wani daga cikin dangi ya zo ya ce wa Malam yarinya ta cika ɗaki, ya kamata a duba. Malam ya ce masa, "Yaya, jikin ne ya yi gaba, shekarun suna nan 14." Ku lura da wannan ƙwarai. A ƙauyukanmu yarinya mai jiki ita a ke fara cirewa daga makaranta, don ido na auna ta da ƙira, ba da shekaru ba. Alhali dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, firamare da ƙaramar sakandare, ba ta ce ban da mai ƙiba ba. Tawa dai ta koma allo, ta gama aji 3, tana babbar sakandare, kuma ita ke yi wa ƙannenta zanen ɗinki.

To, ya ku ɗalibai, in kun fita gwajin koyarwa ga roƙona. Magana zarar bunu ce. Kada ku yi misali da jikin yarinya a aji, ko da wasa. In kun ji an laƙa wa wata suna, ku kashe shi ran nan, kafin ya bi ta har gidan miji. In kun ga rigar sanyi cikin bazara, ko gwanar aji ta yi shiru, ku sa malama mace ta ja ta gefe. In an ba ku kula da kayan makaranta, ku nemi a bar iyaye su sayi yadi su ɗinka wa wadda awon bai yi mata ba. Malamai maza kuma ku tuna, wadda ke gabanku yarinya ce, amana ce, komai cikar jikinta.

Allah ya ba mu ikon riƙon amanar 'ya'yan mutane, amin.